Gidan da Muke Jira

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Madam Odile ta faɗo daga bene. Mijina Isma'ila ne ya kira ni daga Faransa ina cikin ɗaura ɗankwali zan fita aiki. Ya ce da asuba ya fito daga alwala ya tarar da ita kwance a gindin matakala, goshinta ya fashe, ba ta magana. Motar asibiti ta tafi da ita birni. Na ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce amin. Daga nan muka yi shiru mu biyu, kowa riƙe da wayarsa, kuma ban ji daɗin shirun nan ba.

Ba ni da wanda zan yi wa bayanin shirun, shi ya sa nake rubutawa. Bara muka sayi gidan Madam, a wani ƙauye can tsakiyar Faransa wanda har yau harshena ya ƙi kama sunansa, ni dai Tudun Madam nake ce masa. Irin cinikin nan ne da suke kira viager. Ka ba da wani kaso tun farko, duk wata kuma ka riƙa ba mai gidan wani abu, ita kuwa ta ci gaba da zama a ɗakinta har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Ran nan ne gida zai zama naka. Malamin masallacinmu na nan Catford, unguwarmu a Landan, ya ce ba ya son cinikin da ribarsa ke jiran likkafanin wani. Isma'ila ya ce mu ba jira za mu yi ba, uwa muka samu haɗe da gida. Ni ma na goyi bayansa, har da yi wa Malam dariya a hanyarmu ta dawowa.

Isma'ila, bawan Allah, ya gaji da tuƙa bas a Landan. A Maraɗi ya tashi wajen mahaifiyarsa, Faransanci ba baƙonsa ba ne, kuma tun da na san shi yake mafarkin fili da kaji da 'yan awaki. Ga mai flat ɗinmu ya ce zai sayar, mu tashi kafin sabuwar shekara. Madam ta ba mu wani tsohon ɗakin ajiya a bayan gidanta mu gyara mu fara zama a ciki. Gyaran rufinsa ne ya kai Isma'ila can tun watan jiya, ya ce ya ɗauki hutu a wajen aiki.

Ni dai fatana ta tashi, shi kuma ya dawo min gida lafiya.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Ba ta farka ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki wani dattijo ya zame a banɗaki yau, bai ji wani ciwo ba. Duk da haka manaja ta kira yarinyar da ke tare da shi ofis. Na san tambayar farko tun kafin a rufe ƙofa, don ba ta canzawa: a ina kike tsaye lokacin da ya faɗi? Na sha jin ta, ban taɓa jin nauyinta ba sai yau.

Akwai wata mata da hukuma ke turowa gidan Madam da safe, ta yi mata girki da 'yar shara ta wuce. Satin farko da Isma'ila ya je, ya ba ni labarinta a waya. Na ce masa, "Haba Abban Najwa, kana cikin gidan ka bar bare yana yi wa tsohuwa girki? In a gida ne ai sai a zage ka. Ni na san yadda muke yi, a gurguje muke ajiye kwano mu kama gabanmu." Washegari ya tare matar a bakin ƙofa, ya yi mata godiya, ya ce ta huta, ɗa ya zo. Ya kwaso shimfiɗarsa daga ɗakin ajiya ya dawo da ita falon Madam don ya riƙa jin motsinta. Shi ke dafa mata miya, shi ke jiƙa mata zoɓon da na ƙulla masa, ya sa zuma kamar yadda na koya masa. Ta so zoɓon nan ƙwarai. In mun yi bidiyo sai ta ɗaga kofi ta ce min "ma fille", wato 'yata, haƙoran roba duk sun yi ja.

Lokacin da Inna, mahaifiyarsa, ta yi jinyar ajali a Maraɗi, takardunsa ba su fito ba, bai samu zuwa ba. Ta waya ya ji an tafi da ita. Da na ga yana yanke wa Madam farce na ji daɗi har cikin raina, na ce Allah ya ba shi inda zai rama.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Lif ɗin gidanmu ya sake lalacewa, an yi wa council, hukumar unguwa, waya sun ce suna tafe, irin tafiyarsu. Hawa uku na sauka ni kaɗai da gwiwar nan. In Isma'ila yana nan a bayana yake tsayawa, hannunsa a kafaɗata, yana cewa, "Sannu a hankali Zubai, ni ne birkinki." Tun muna amarya da ango haka yake yi, ko kaya ne a ɗaya hannun nasa. Na kan ce masa direba ba ya rabuwa da surutun mota. Yau na rasa wanda zan tsokana.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan azahar

Ta buɗe ido amma ba ta gane kowa ba. Kullum Isma'ila yana zuwa asibitin, ya zauna gefen gadonta har a kore shi. Ya ce ba ya son zuwa hannu rabbana, ga shi an hana kai abinci. Na ce Turawa ai fure suke so, ka tsaya kasuwa ka saya mata babba, kada ka yi min rowa.

Asabar, 25 ga Oktoba, da rana

Ya turo min hoto. Wata ƙatuwar tukunyar fure ce ruwan ɗorawa, ya ajiye ta daidai kan Madam. Ya ce kasuwar duk irinsa ne, kowa sai saye yake, har mai sayarwar ta dafa hannunsa ta ce ya yi haƙuri. Ya ce mutanen ƙauyen nan akwai tausayi. Na yi dariya yau, karo na farko tun Litinin.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan magariba

An kore shi daga asibitin.

Madam tana da ɗan ƙani, Thierry, wanda bai taɓa leƙo ta ba tun da muka san ta. Yau ya zo, ya shiga ɗakin ya ga furen, ya tambayi wanda ya kawo. Isma'ila ya miƙe da fara'arsa ya ba shi hannu. Mutumin bai karɓa ba, ya ɗauki tukunyar ya fitar da ita waje, ya yi ta faɗa har masu gadi suka zo.

Wata nas 'yar Kamaru ce ta bi Isma'ila bakin ƙofa ta yi masa bayani a hankali. Furen nan na maƙabarta ne. Farkon watan gobe suke da ranar ziyarar matattu, shi ya sa ya cika kasuwa, a kan kabari ake ajiye shi. Ba a kai wa mai rai, balle majinyaci. Ta ce, "Kai kuma kowa ya san kai ne mai jiran gidan."

Da yake ba ni labari ya ce, "Zubai, ya ce wai na sallami mai kula da ita don in keɓe da ita. Ya ce me nake ɗura mata a kofi kullum."

Na ce ka gaya musu ni na ce ka yi, duka ni ce.

Ya ce, "Ke ma ai sunanki yana cikin cinikin. Bar shi a kaina."

Ina jin tsoro. Na rubuta don in ga ko zai ragu, bai ragu ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da safe

Wayarsa a kashe tun jiya.

Talata, da yamma

A kashe.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Ya kira. Jandarmomi ne, 'yan sandan can, suka ɗauke shi ranar Litinin, ya kwana a wajensu, jiya suka sake shi. Sun kwashe filas ɗin zoɓo da kwalbar zuma da sauran ganyen da ke leda, har kanumfari ba su bari ba. Sun ce kada ya yi nisa da ƙauyen sai sun neme shi. Na tambaye shi me suka tambaye shi, ya ce tambaya ɗaya ce suke ta juya ta. Na ce wace? Ya ce kajin Madam ba su ci komai ba kwana biyu, bari ya je.

Na kira 'yarmu Najwa a Plumstead inda take zama kusa da wajen aikinta. Da Hausa na yi mata bayani, ta ba ni amsa da Turanci kamar kullum, wai ta faɗa mana tun farko cinikin nan "creepy" ne, wato abin tsoro. Daga baya ta yi kuka, ta ce za ta nemo lauya mai jin Faransanci. Ban gaya wa kowa a Kano ba. In Yaya ta ji, kafin la'asar dangi duk sun ji, kafin magariba an riga an ɗaure shi a bakinsu.

Alhamis, 30 ga Oktoba, lokacin hutun rana

Eunice abokiyar aikina ce, 'yar Jos, tare muke cin abinci a ɗan kicin ɗin ma'aikata. Ta ga ina juya cokali ban kai baki ba, ta matsa sai da na faɗa mata. Ta riƙe hannuna ta yi addu'a irin tasu, na ce amin da zuciya ɗaya.

Da ta gama sai ta ce, "Maman Najwa, ni ban ce komai ba fa. Na san Baban Najwa, mutumin kirki ne. Amma in ke ce police ɗin, me za ki yi thinking? An yi cancel ɗin carer, shi kaɗai ne a gidan, ga landlord ya ba ku notice."

Na ce to me kike nufi?

Ta ce, "Babu, my sister. Pressure ce kawai nake faɗa miki. Pressure tana canza mutum."

Na tashi na wanke kwanona da abincin a ciki. Har muka tashi ban ƙara yi mata magana ba. Abin haushin shi ne maganar ta biyo ni cikin bas, ta zauna kusa da ni har Catford.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau ce ranar ziyarar tasu. Ya ce tun safe mutanen ƙauye ke wucewa ta ƙofar gida zuwa maƙabarta, kowa rungume da tukunyar furen nan. Yana tsaye a bakin shinge yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. Babu wanda ya amsa. Maƙwabcin da ya ara masa tsani ya aiko ɗansa ya karɓe. Mai burodi da ke zagayawa da mota ya wuce gidan bai tsaya ba.

Na ce ka shiga ciki mana, me kake tsayawa yi?

Ya ce, "In na daina gaisuwa sai su ce da gaske ne."

Muryarsa ta canza. Ko layin ne, ban sani ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Na fara haɗa kwalaye, tunda mai flat ɗinmu bai san wata Madam ba. A kicin na tsaya, daidai inda Isma'ila ya tsaya ranar da aka ce mu tashi. Ran nan ya daɗe yana kallon taga, sannan ya yi dariya ya ce, "Tsohuwar nan da ƙarfinta, sai ta binne mu duka kafin mu ga gidan." Ni ma na yi dariya a lokacin. Wasa ne, kowa yana irin wannan wasan. Ban san dalilin da ya sa na tuna shi yau ba, kuma ban san dalilin da ya sa na rubuta ba.

A sallah ina roƙa mata lafiya. Da can ma ina roƙa mata, amma yanzu har goshina yake zafi a ƙasa. Ita kaɗai ce za ta buɗe baki ta ce ga yadda aka yi.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da yamma

A tashar bas na haɗu da Fatawu, ɗan Ghana, garejinsu ɗaya da Isma'ila. Ya gaishe ni da irin Hausarsu ta zango, ya tambayi mutumin Faransa. Na ce yana lafiya, hutun nasa ma ya kusa ƙarewa.

Ya ce, "Wane hutu, Hajiya? Kai ba ka sani ba? Ya yi resign tun September. Mun yi masa send-off a garage, har da cake. Ya ce shi ya gama da London, kafin Christmas komai zai daidaita."

Na ce oho, na manta ne, abubuwa sun yi min yawa. Na yi masa murmushi har bas ɗinsa ya zo. Nawa ya zo ya wuce ina zaune, wani ma ya zo ya wuce.

Hutu ya ce min. Da bakinsa ya ce min hutu ya ɗauka.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Na kira shi. Na fara da maganar aikin, ya ce zai yi min bayani in ya dawo. Raina ya ɓaci. Daga nan na faɗi wata magana.

Ba zan rubuta ta ba.

Bai kashe wayar nan take ba. Na ji numfashinsa, na ji kaji suna kuka a bayansa. Ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan magariba

Yau daren wasan wutar Turawan Ingila ne, unguwa sai fashe-fashe take kamar ana yaƙi. Duk ƙarar da ta tashi sai na duba waya. Na kira sau da yawa, tana shiga, ba a ɗauka.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Bai kira ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Bai kira ba. Na tura masa saƙo na ce bakina ne ya kufce. Ya gani, alamar ta nuna ya gani.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana

Najwa ta zo taya ni haɗa kaya. Tana naɗe kofuna a jarida ta ce Abbanta ya ce yana lafiya, kuma ya yi magana da lauyan. Ashe ita yana kiran ta kullum. Ta dube ni ta ce, "Mum, what did you say to him?" Na ce ki naɗe kofin nan da kyau, na kakarki ne. Ta ajiye shi ta shiga banɗaki ta daɗe.

Ni ce na ce ya sallami matar. Ni ce na ƙulla zoɓon. Ni ce na ce fure, har da cewa babba. Ina ta jera su a kaina ina wanke tukwanen da suke a wanke. Duk abin da suke riƙe da shi a kansa daga bakina ya fito, amma da aka zo wajen tsayawa a bayansa, ga abin da na yi.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Madam Odile ta rasu jiya da yamma, ba ta ƙara magana ba. Najwa ce ta gaya min.

Na zauna a kan kwali na yi mata kuka, kukan gaske, don ina son matar nan da jajayen haƙoranta. A tsakiyar kukan wani abu ya ce min, yanzu gidan naku ne. Na tashi na yi alwala.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da yamma

Shiru. Najwa ta ce likitoci suna duba gawar. Mai flat ɗinmu ya turo mutane su auna ɗakuna, suka yi ta zagaya ni da awo kamar ni ma kujera ce.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sun ƙyale shi. Najwa ta ce jandarmomi sun kira shi sun mayar masa da filas da kwalbar zuma, sun ce zai iya tafiya. Ba su samu komai ba. Ba su ce bai yi ba, sun ce ba su samu komai ba, haka lauyan ya fassara mata. Ko jiri ne ya ɗebe ta, ko ƙafa ce ta zame, babu wanda zai taɓa sani.

Jiya aka binne ta. Thierry ya ce kada ya shiga cocin, sai ya tsaya a ƙetaren titi har aka fito da ita, ya bi su daga nesa. Najwa ta ce matar da ya sallama ita kaɗai ce ta ɗaga masa kai.

Gobe zai hau bas, jibi da safe yana tashar Victoria nan Landan. Na jiƙa wake, zan yi masa alala. Na yi alhamdulillahi har bakina ya bushe.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ya zo da hantsi da 'yar jaka ɗaya. Ya rame, gemunsa ya yi fari ta gefe. Na yi masa sannu da zuwa, ya amsa kamar yadda ake amsa wa matar maƙwabci. Ya ci alalar kaɗan, ya ce ta yi daɗi, ya gode. Tun da muka yi aure bai taɓa yi min godiyar abinci da irin wannan ladabin ba.

Ya ce, "Maganar aiki, idona ne. Na faɗi gwajin ido, suka ce ba zan ƙara tuƙa fasinja ba. Na rasa yadda zan gaya miki, ga maganar tashi a kanmu. Wannan laifina ne."

Na ce Abban Najwa, ka yafe min, wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba.

Ya ce, "Jandarman nan ya yi ta tambayata a ina nake tsaye lokacin da ta faɗo. Ban ji haushinsa ba, aikinsa ne, kuma bai san ni ba. Ranar Talatar nan a waya ke ma kika tambaye ni a ina nake tsaye." Ya murza bakin kofi. "Na yafe miki, Maman Najwa. Tun ranar na yafe. Mantawa ce na kasa."

Bai ce Zubai ba, ko sau ɗaya.

Ya zuge jakarsa ya ciro makulli, babba irin na da, an ɗaura masa jan zare. Ya ajiye a kan kwalin da muke cin abinci a kai. Ya ce Madam ce ta sa aka yanko min shi sati guda kafin ta faɗi, ita ta ɗaura zaren da hannunta. Ta ce 'yarta kada ta zo daga Landan ta tsaya a waje tana ƙwanƙwasa.

Ya ce yau zai koma, ya bar wa kaji abincin kwana biyu ne kawai, kuma rufin bai ƙarasa ba. Na ce mutanen da ba sa amsa gaisuwarka za ka koma wa? Ya ce zai ci gaba da gaishe su. Na ce ni fa? Ya ce gidana ne kamar yadda yake nasa, duk ranar da na shirya in zo, ga makulli nan.

Na yafa mayafi na ce bari in raka shi tasha. Lif har yau ba a gyara ba. Muka fito, na ja ƙofa, na nufi matakala na tsaya a ta farko kamar kullum, ina jiran hannunsa a kafaɗata.

Hannun bai zo ba. Na waiwaya na gan shi ya ja baya ya jingina da bango, jakarsa a gaba, ya riƙe ta da hannu biyu.

Ya ce, "Bari in yi gaba. Hankalinki zai fi kwanciya."

Ya raɓa ta gefena a hankali, ko rigarsa ba ta taɓa ni ba. Ya sauka, ina jin takunsa hawa bayan hawa har ƙofar ƙasa ta buɗe. Ya tsaya a can yana jirana, ya riƙe min ƙofar.

Na sauko ni kaɗai, ina dafe da ƙarfen matakala.